Hannuwan Inna a Gaban Majalisa

Unguwar Gwallaga, Bauchi.
4 ga Maris, 2002.

Zuwa ga yayana Hammawa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da maigidana da yara. Ina fata kana lafiya, kai da Maimuna da 'ya'yanku, har da injinan jiragen ruwan da ka bar kiwon shanun gado ka koma kiwonsu a Fatakwal. Mu nan sai godiyar Allah, zafi ne kawai ya fara shigowa da ƙarfinsa.

Inna tana gaishe ka yadda ta saba, wato ta ce in gai da "na can Kudu". Ciwon gaɓɓanta bai ragu ba tun da muka ɗauko ta daga Miri. Iyakar abin da aka yarda in faɗa maka ke nan, kuma na yi alkawari.

Hamma, magana ce ta kawo ni. Ka san ranar da muke kai Inna asibiti, a layi ɗaya ake haɗa masu ciwon gaɓɓai da kowa da kowa, a wuni a tsaye, ƙarshe a ba su maganin ciwon kai su dawo. A wannan layin muka san juna da sauran masu ciwon, har muka kafa ƙungiya. Shugabarmu Sista Felicia ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ciwon ya sa ta ajiye aiki. Ni ce sakatariya, saboda malamar makaranta ce ni kuma yatsuna suna riƙe biro. Ba wanda ake biya ko sisi. Abu uku muke nema a wurin Majalisar Dokoki ta Jiha: a ware wa masu wannan ciwo rana guda a mako a asibitocin gwamnati, a ɗauko likitan da ya san gaɓɓai, a kuma sa maganinsu cikin jerin waɗanda ake saukaƙa wa jama'a.

Makon jiya muka je neman goyon bayan shugaban kwamitin lafiya, mu tara. Wallahi in na tuna, dariya da takaici suke haɗe mini. Kowa ya ci ado kamar za a ɗaurin aure. Malam Sabitu tela, wanda yatsunsa suka karkace har ya daina ɗinki, ya zuba babbar riga, hannuwansa suka ɓace a ciki. Mata suka lulluɓe da manyan mayafai. Masu dogara sanda suka bar sandunansu a cikin tasi, wai ba a shiga wa babban mutum da sanda. Da muka shiga ofis kuma, mutanen da gwiwarsu ba ta lanƙwasuwa suka cije suka durƙusa gaisuwa. Mutumin nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ladabi yana tambaya, "Yaya jiki?" Kowa ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Mutum takwas, ba wanda ya kuskure! Ya ce, "To madalla, Allah ya ƙara sauƙi." Ya karɓi takardarmu, ya sa aka kawo mana lemo. Ni ban ga laifinsa ba, abin da aka nuna masa ya gani. Muna fita ƙofa sai da aka ciccibi mutum biyu zuwa mota.

Sista Felicia, da ba ta shiga tare da mu ba, ta kusa cinye mu ɗanye da ta ji. Ka san Hausarta ba ta bambanta mace da namiji. Ta dubi wata dattijuwa ta ce, "Mama, kai ya zo biki ne? Kafa yana ciwo, baki ya ce da sauki!"

Allah ya taimake mu, kwamitin zai yi zaman jin ra'ayin jama'a kan harkar lafiya ranar Talata 16 ga Afrilu, an ba mu minti goma. In muka sake ɓarar da wannan, sai kuma baɗi. Ƙungiya ta ce Inna take so ta yi magana, don ita ce babba a cikinmu kuma ba wanda ciwon ya yi wa abin da ya yi mata. Bayan kwana biyu ta ce, tunda Baffa, mahaifinmu Ardo, ya rasu kai ne babban gida, in ka ce to za ta je, in ka ce a'a ta zauna. Don Allah ka aiko da amsa da wuri.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Hamsatu.


Unguwar Gwallaga, Bauchi.
28 ga Maris, 2002.

Hamma,

Sallama da gaisuwa, da fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Yara suna gaishe ka, Inna kuma jiki yana nan yadda yake.

Yau kwana ashirin da huɗu ina sintiri gidan waya, har mai ba da wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ko takardata ta faɗa teku ne? Ko kuwa ka karanta ka ajiye, irin halinku na manyan gida, sai an biyo ku da roƙo? In fushi ka yi, ka rubuto fushin, na fi son sa da wannan shirun.

Mu dai muna ta shiri. Duk ranar Asabar muna taruwa a zauren Malam Sabitu, Sista Felicia ta zauna a kan kujera ta zama shugaban kwamiti, har da ɗora hula. Sai ta tambayi mutum, "Yaya jiki?" Ka ga manyan mutane suna gumi kamar 'yan aji ɗaya. Baki ya riga ya saba, kafin mutum ya tuna, "da sauƙi" ta fito. Malam Sabitu sai a karo na shida ya iya cewa, "Ina jin jiki," ya kuma bi ta da istigfari, wai kada ya zama ya yi wa Allah butulci. Sai da liman ya zo ya yi mana bayani cewa faɗa wa mai iko halin da kake ciki don a gyara ba raki ba ne, ba kuma rashin godiya ba.

Inna tana zuwa ta zauna a gefe. Sau ɗaya Sista ta gwada ta, ta sunkuyar da kai ta ce da Fillanci "jam tan", lafiya kawai. Na ce mata, "Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta harare ni ta ce wai ni makaranta ta cire mini kunya. Kullum da yamma kuma sai ta tambaye ni, "Ba saƙo?" Ba ta cewa daga wa.

Saura kwana goma sha tara. Ka ji tsoron Allah ka ɗauki biro.

Hamsatu.


Fatakwal.
5 ga Afrilu, 2002.

Zuwa ga Hamsatu,

Wa alaikumus salam. Na same ku lafiya? Mu nan lafiya lau, ruwan sama ne ya dame mu. Ki gai da mijinki da yara, ki durƙusa ki gaishe mini da Inna.

Ba ƙin amsa na yi ba. An tura mu gyara can cikin ruwa, mako huɗu ba mu taka tudu ba. Jiya na dawo na tarar da takardarki ta watan Maris, 4 ga wata. Na karanta ta a tsaye, kuma ban zauna ba sai da na ɗauki biro.

Hamsatu, ashe har lalacewar ta kai ku kwashi tsofaffi ku kai su ofishin ɗan siyasa su durƙusa a ba su lemo? Yanzu kuma uwata kike so ki tsayar a gaban taro tana neman taimako? Ni na mutu ne, ko na gaza? Wane wata ne ya wuce ban aiko a sayi maganinta ba? Ki tuna 'yar wa ce. Matar da ta haife mu mu bakwai a ruga, ungozoma ba ta taɓa jin ta ce wayyo ba. Ranar da aka zo mata da rasuwar Baffa, sai da ta gama shayar da baƙi fura kafin ta shiga ɗaki. Wannan fulakon, kunya da dauriyar nan, shi ne dukiyar da ta rage mata, shi kike so ta zubar a cikin minti goma don a tafa mata? Gobe a Miri a ce matar Ardo ta je birni tana tallan ciwonta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kuma ke dai tun kina ƙarama akwai ki da zuzuta abu. Da Babbar Salla na zo na gan ta da idona. Tana zaune tsaf a kan kujerarta, na tambaye ta jiki ta ce da sauƙi. Tsufa ne, kuma ba majalisar da ke da dokar hana shi.

Ba na hana ki aikin ƙungiyarki, ki yi ta rubuta musu takardu, Allah ya ba da lada. Amma Inna ba za ta je ba. Ki karanta mata wannan, ki ce ni na ce a'a.

Yayanki,
Hammawa.


Unguwar Gwallaga, Bauchi.
27 ga Afrilu, 2002.

Zuwa ga Hamma,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da ka fito daga ruwa lafiya. Muna nan ƙalau, ka gai da Maimuna.

Takardarka ta iso ranar Juma'a 19 ga wata, kwana uku bayan an yi zaman. Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na karanta ta sau biyu, na yi fushi, na huce, shi ya sa sai yau nake ba ka amsa. Abu ɗaya zan gyara maka: ba bara muka je ba. Ba wanda ya roƙi kwabo don kansa. Kai kana aiko wa Inna magani, Allah ya saka. Dattijuwar da ke bayanta a layi, wadda ba ta da ɗa a Fatakwal fa?

Ga yadda aka yi. Ana gobe zama, Inna ta tambaye ni saƙo, na ce babu. Sai ta ce, "Shi ba ya iya ce mini to da bakinsa, kunya yake ji. Da a'a ce, da ya aiko da gudu. Shiru ma amsa ce." Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Ka ga da izininka ta tafi, a saninta.

Mun je mu talatin da huɗu. Wannan karon Sista Felicia ta tsaya a ƙofar mota, duk wanda ya bar sandarsa sai ta mayar da shi ya ɗauko. Ba wanda ya durƙusa, daga tsaye muka yi sallama, ko da yake na ga yadda abin ya yi wa wasu nauyi. Zauren ya cika, ga 'yan majalisa bakwai a kan dogon tebur, ga likitoci, ga 'yan jarida. Da aka kira mu, na karanta buƙatunmu uku cikin minti biyu. Sai na kama Inna muka taka a hankali har gaban tebur, aka ba ta kujera.

Shugaban kwamiti ya rage murya ya ce, "Inna, sannu da zuwa. Yaya jiki?"

Hamma, ta sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, mun sake shan lemo. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Ɗana, babu sauƙi."

Ta zaro hannuwanta daga cikin mayafi ta ɗora su a kan tebur, a gabansu. Kai ba ka gan su ba shekara uku, don duk zuwanka tana naɗe su. Yatsun sun kwanta gefe guda, gaɓoɓin sun kumbura kamar ƙullin goro. Ta ce, "Shekara tara ban tatsi nagge ba. Shekara huɗu goshina bai taɓa ƙasa ba, a kujera nake salla. Zanen nan da ke jikina, 'yata ce ta ɗaura mini da safe, ita ke ba ni abinci a baki in sanyi ya sauka. Na haifi bakwai ban yi kuka ba. Wannan ciwo ya sa ni kuka, ina toshe baki da mayafi kada jikoki su ji. Ɗana na fari ma bai sani ba, in ya zo ina ɓoyewa. Ban zo don kaina ba, ni na kusa gida. Na zo ne don akwai yara mata a ruga masu shekara talatin da hannunsu ya fara zama haka, ana ce musu iska ce. An ce ku ne masu faɗa a yi. To ga shi kun gani."

Sai Malam Sabitu ya miƙe daga baya, ya naɗe hannun riga ya ɗaga hannuwansa sama. Ba mu shirya wannan ba, wallahi. Ɗaya bayan ɗaya mutanenmu suka fito da nasu, har na ƙarshe. Ba wanda ya tafa, kuma na ji daɗin hakan. Wani ɗan majalisa ya cire tabarau ya ce mahaifiyarsa a ƙauye haka hannunta yake, shi duk zatonsa tsufa ne, bai san ciwo ne mai suna da likita ba. Minti gomanmu ya zama minti arba'in, likitoci suna ta amsa tambayoyi.

Shekaranjiya kwamiti ya kai rahotonsa zauren majalisa da buƙatunmu uku a ciki, aka amince a miƙa wa gwamnati. Na san amincewa daban, aiwatarwa daban. Sista ta riga ta raba mu, kowa da ɗan majalisar mazaɓarsa da zai riƙa bi har a ga ranar asibitin da ido. Amma ni dai Hamsatu, ban taɓa jin tsayina ya ƙaru ba kamar ranar nan da na riƙo hannun matar nan muka fito, mutane suna darewa suna ba ta hanya.

Kada ka ce abin bai ci mata komai ba. Da muka dawo ta shiga ɗaki ta juya fuska bango, kwana uku ko tsakar gida ba ta fito ba. Gidan rediyo kuma ya sa muryarta. Abin da ka ji tsoro shi na ji tsoro, na ce mutanen Miri za su zo da gori. Sun zo kuwa, mota guda, mata goma sha ɗaya. Suka zauna suka gama gaisuwa, kowa lafiya lau. Can sai matar baffanmu Hammajoda ta zaro hannunta daga mayafi ta nuna wa Inna. Huɗu daga cikinsu na rubuta sunansu a ƙungiya ranar.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni sukuni. Inna ta ga lokacin da na shigo da takardarka, ta gane rubutunka a bayan ambulan. Ta tambaye ni me ka ce. Na ce gaisuwa ce, sauran sai na natsu zan karanta mata. Kullum sai ta kalli inda na ajiye ta. In na karanta mata cewa ka ce a'a, kuma ta riga ta je, na san Inna: ba za ta sake buɗe baki ba har ta koma ga Allah, kuma za ta ɗauka ta zubar maka da mutunci. Ni kuma ba zan yi mata ƙarya da sunanka ba. Ga kaset na sa maka a ciki, maigidana ya ɗauko daga rediyo. Ka saurara, sannan ka faɗa mini abin da zan yi da takardar nan.

Ƙanwarka mai zuzuta abu,
Hamsatu.


Fatakwal.
9 ga Mayu, 2002.

Zuwa ga ƙanwata Hamsatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girma, ke da mijinki da yara. Muna lafiya. Wannan ba ta gidan waya zan aiko ta ba, na ba wani direban tanka ɗan Bauchi, ya ce jibi zai damƙa miki hannu da hannu.

Na saurari kaset ɗin ranar Lahadi bayan la'asar. Na kori yara, na rufe ƙofa. Da na ji an ce "yaya jiki", bakina har ya riga nata, na ce da sauƙi. Sai na ji abin da ta ce.

Shekarata arba'in da shida, ban taɓa jin muryar Inna ta yi tsawon haka ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Ina alfahari da hakan, ina cewa uwata ta fi ta kowa fulako. Ashe ina zuwa da tsarabata in zauna a bakin ƙofa, in tambaya a ba ni amsar da nake so, in koma Kudu da sakakkiyar zuciya. Kujerar da na ce na gan ta a kai tsaf, ashe a kanta take salla. Ke kika ɗaura zanen, ke kika ba da abincin, ni kuwa na zauna nan ina rubuta miki wa'azi. Ki yafe mini.

Na ce za ta zubar da dukiyarta. Ban san abin da nake faɗa ba. Wanda bai san nauyin shirun Inna ba, ba zai san abin da ta ɗauka ta ajiye a kan teburin nan ba. Na san maza a nan da ke shiga teku ana hadari, ban ga wanda ya kai ta ƙarfin zuciya ba. Washegari na kai kaset ɗin wurin aiki na sa wa 'yan Arewan da muke tare. Da ya ƙare wani ya tambaya ko wace ce, na ce Azumi matar Ardo ce ta Miri, ni ta fara haifa. Na faɗa da ƙarfi, har wanda ba ya jin Hausa ya juyo.

Ki rubuta sunana a ƙungiyarku, in ana karɓar masu lafiyar hannu da taurin kai. Na nemi hutu a watan Yuli. Ɗan majalisar mazaɓarmu ajinmu ɗaya da shi a firamare, ki bar mini shi, zai gaji da ganina. Ki gai da Sista Felicia da Malam Sabitu, ki ce na gode.

Waccan takardar ki sa ta a murhu. Ba ƙarya za ki yi ba, don na janye ta, wannan ce amsata. Ki je ki zauna kusa da Inna ki ce na can Kudu ya ce to. Ki ce ya ce ko sau nawa aka kira ta, ta je, shi zai kai ta.

Amma kada ki gaya mata na ji kaset ɗin. In ta san na ji inda ta ce tana toshe baki da mayafi, ba za ta iya zama ɗaki ɗaya da ni ba, ni ma ban san inda zan sa idona ba. Ki bar ni in zo in durƙusa a bakin ƙofa in tambaye ta jiki da kaina. Duk abin da ta amsa, wannan karon ba zan tashi da wuri ba.

Yayanki,
Hammawa.